Smith & Wesson Model 10 ta gwanjo: tsohuwar libarbar 'yan sanda, yadda na same ta a hannu da filin harbi

Duk wanda yake zaune a nan Amurka, takardunsa cikakku, kuma sha'awar tsofaffin libarba ta fara kama shi, ni dai shawarata kar ya fara da Colt Python ko wata mai ƙyalli da za ta cinye masa albashin wata guda cur. Ya je ya nemi Smith & Wesson Model 10 ta hannu, irin wadda 'yan sanda suka gama aiki da ita suka ajiye, wadda rininta, wato baƙin launin da ake yi wa ƙarfen, ya koɗe a baki da gefen silinda, gangar nan mai juyawa da harsasai ke shiga, saboda shiga da fita kube. Ba kyau za ka saya ba, gaskiya in ka ajiye ta kusa da sababbi ko kallonta ba za a yi ba, amma abin da ke cikinta shi ne magana, kuma a kan shi nake son mu tattauna.

Amma bari in share wata hanya tukuna, don na san mutanenmu, yanzu wani zai turo min saƙo wai ya za a yi a kawo masa gida. Babu yadda za a yi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol a jerin haramtattun makamai, ba irin lasisin bindigar farauta ko ta toka ake ba su ba, izinin sai daga shugaban ƙasa. Kuma na san yadda kalmar bindiga take sauka a kunnen wanda yake Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari, ba wasa ba ce a wajensu, ba na kuma ɗaukar abin da wasa. Maganar da nake yi ta nan ce, inda akwai filayen harbi masu rajista da masu tara tsofaffin makamai yadda wasu ke tara agogo. A nan ɗin ma ba haka kawai ake miƙa maka ba: a shago mai lasisi sai ka kai shekara 21, ka cike fom mai lamba 4473, a tura sunanka hukumar FBI ta duba tarihinka. Mai girin kad zai iya saya, mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa doka ta hana shi sai da wasu togaciya, saboda haka ɗalibanmu a yi hattara. Ko ta intanet ka saya ba gidanka za a kawo ba, shagon mai lasisi za a tura ka je can ka cike takardu.

To ita Model 10 ɗin wace ce? Tun 1899 aka fara ƙera ta a garin Springfield na jihar Massachusetts, a lokacin sunanta Military & Police, tare da harsashinta .38 Special wanda aka fito da shi don ya fi tsohon .38 Long Colt ƙarfi. Sai a 1957 kamfanin ya fara ba bindigoginsa lamba ita ta samu 10. An ƙera sama da miliyan 6, kuma wannan yawan shi ne sirrin duk abin da zan yaba a ƙasa: kayan gyara a ko'ina, kube a ko'ina, duk wani mai gyaran bindiga da ya san aikinsa ya buɗe cikinta har ya gaji. Fijo 504 ce ta duniyar libarba, ba ta burge kowa a ido amma duk garin da ta tsaya maka akwai wanda ya san ciwonta. 'Yan sandan New York sun daɗe da ita a ƙugu, haka na Hong Kong, haka na jihar Victoria a Ostareliya. Daga tsakiyar shekarun 1980 da fistol masu cin harsashi goma sha wani abu irin su Glock suka shigo, ofisoshin 'yan sanda suka dinga sauke libarbobinsu suna sayar wa dillalai, New York ma sai 2018 ta raba na ƙarshe da su gaba ɗaya. Waɗannan da aka sauke su ne gwanjon da nake magana.

Tawa 10-6 ce, wato gyaran ƙira na shida na Model 10, mai kaurin bututu, tsawon inci 4, cin harsashi 6. In ka buɗe silinda ka leƙa jikin firam ɗin, wato gangar jikin bindigar, daidai inda hannun silindar yake kwanciya za ka ga an buga MOD. 10-6, lambar bindigar ta asali kuma tana can ƙarƙashin gindin mariƙi, tawa ta fara da D wanda ke nuna tsakanin 1968 da 1977 aka yi ta. Akwai wani ɗan siririn fil da ya ratsa firam ya riƙe bututun, an daina sa shi a 1982, masu tarawa suna mutuwar son ganinsa duk da cewa a wajen harbi bai ƙara komai ba. Nauyinta ya kusa kilo ɗaya. Rinin ya goge a hagu da dama na bakin bututu har farin ƙarfe ya fito, katakon mariƙi na gefen dama duk ya sha duka, zanensa ya shafe, wato gefen da yake waje kenan lokacin da take ƙugun ɗan sanda, yana bugun ƙofar mota da kujera da bango shekara da shekaru. Na hagu kuwa lafiya lau kamar ba tare aka yi su ba. Da na kwance katakon na juya na ga lambar bindigar an buga ta a cikin na daman, ashe nata ne na asali tun daga masana'anta, a lokacin kowace bindiga da hannu ake daidaita mata katakonta. Hama, wato ƙarfen baya da ke faɗawa ya tayar da harsashi, da kunama kuma har yanzu da sauran wannan launin toka-toka da shuɗi-shuɗi na ƙarfen da aka gasa, in haske ya bugi gefensu sai ka gani.

Abin da ya sa nake nacewa a kan ta 'yan sanda shi ne, yawancinsu an ɗauke su da yawa amma ba a harba su da yawa ba. Ɗan sanda zai rataya ta kullum rana da ruwa, harbi kuwa sai in lokacin gwajin ofis ya zo. Sai waje ya tsufa ciki yana nan garau. Ta wani mai sha'awa da ke zuwa fili duk Asabar kuwa za ka gan ta tana sheƙi don yana goge ta, alhali cikin ya ci dubban harsasai. Don haka ido ba ya sayen libarba, hannu da kunne ke saye.

Shagon da na saya, wani dattijo ne Bature mai shi a gefen Houston, bai hana ni dubawa ba, shi ya ma miƙo min ɗan tocila da kansa, kuma duk shagon da mai shi ya ɓata rai don ka ce za ka duba, ka yi masa sallama ka fita. Farko ka buɗe silinda ka tabbatar da idonka ramukan nan shida babu komai, ko da a gabanka ya duba, sannan ka nemi izininsa kafin ka fara ɗanawa. Ka ja hama baya a hankali, a hankali sosai, kana saurare, akwai wani ɗan ƙaramin ƙas da za ka ji lokacin da maƙullin ƙasa ya faɗa cikin ramin silinda, dole wannan ƙas ɗin ya riga hamar kaiwa ƙarshe. Ka yi haka a duk ramuka shida ba ɗaya ba, don sau da yawa biyar za su yi daidai ɗaya ya makara, kuma makarar nan na nufin harsashi zai tashi ramin bai gama daidaita da bututu ba, sai ka ji ɓarɓashin dalma yana feso wa na kusa da kai. Bayan nan ka kama silindar ka motsa ta hagu da dama, ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne a Smith, haka aka yi su, amma gaba da baya bai kamata ka ji tana kai-komo ba. Ka ɗaga ta wajen haske ka dubi ratar da ke tsakanin fuskar silinda da bututu, siririya ce ƙwarai, kaurin takarda ɗaya zuwa biyu, in ka ga haske ya fi yawa a gefe ɗaya akwai abin da ya karkace. Ka ɗana hama ka tura ta gaba da babban yatsa da ɗan ƙarfi, in ta faɗi ba a taɓa kunama ba to wani gwanin gida ya goge cikinta da zarto don ta yi laushi, ajiye ta. Sai kawunan sukurorin gefe, in sun tauye sun yi kaca-kaca to an buɗe ta da sukurudireban gyaran keke, kuma wanda bai damu da sukuru ba Allah kaɗai ya san ɓarnar da ya yi a ciki. Ƙarshe ka haska cikin bututu, layukan su fito tsaf babu ramukan tsatsa babu wani zobe da ya kumbura a tsakiya.

Tawa ta haye duka, shi ya sa ban tsaya dogon ciniki a kan koɗewar rini ba, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu filin harbi, inda kuɗin ke fita ko ya maƙale. Hanyar harba ta biyu ce. Ko ka ɗana hama da yatsa sannan ka taɓa kunama, wannan jan gajere ne kuma marar nauyi, kafin ka gama tunanin ka ja ta tashi, babu wani ja-in-ja ko ƙaiƙayi a ciki. Ko kuma ka ja kunamar tun daga farko ita ta juya silinda ta ɗaga hama ta sake ta, wannan jan dogo ne mai nauyi, wajen kilo 5 yatsanka zai ja a kan bindigar da ba ta kai kilo ɗaya ba, kaga kuwa in hannunka bai nutsu ba saitin zai bar inda ka ajiye shi. A nan Model 10 take koyar da mutum. Jan dogon nata nauyi gare shi amma santsi ne tun daga farko har ƙarshe, babu inda yake tsayawa ko ya ƙara tauri, shekarun da ƙarafan ciki suka yi suna gogar juna sun gyara su fiye da yadda zarto zai yi. Duk laifin da ke yatsanka sai ta nuna maka shi ƙarara a takarda, harbinka ya dinga zubewa ƙasa ta hagu in na-dama ne kai, kuma ba ka da abin ɗora wa laifi. Wanda ya iya jan dogo a wannan bindigar, duk wata fistol ta zamani da aka miƙa masa wasa ce. Wai don kar a ce tsarin a hankali yake, da irin wannan Military & Police ɗin Ed McGivern ya saki harsasai 5 cikin ƙasa da rabin daƙiƙa a 1932, mu dai namu a samu su shiga baƙin takarda.

Shurinta kaɗan ne. Da harsashin da aka saba, mai lamba 158 a kwali wato dalmar ta kai kusan giram 10, turawa take yi ba duka ba, kaurin bututun yana danne bakin ya dawo wurinsa da wuri. In ka samu wadkota mai lamba 148, wannan mai shafaffen kai da yake nutse cikin kwanso ba ka ganin dalmar a waje, to nan ne daɗin yake, ƙara kaɗan shuri kusan babu, kuma ramin da yake yankawa a takarda zagaye ne tas gefensa ba yagewa, daga inda kake tsaye kana ƙirga su. Wani abu da sababbin shiga ba sa ganewa, saitin Model 10 ba a juya shi, tsagi ne kawai aka yanka a saman firam da ɗan tudu a gaba, kuma da mai 158 aka daidaita shi. In ka zuba mata masu sauƙin nauyi irin 110 ko 125 za ka ga suna sauka ƙasa da inda ka auna, don sun fi sauri sun fice kafin bakin ya ɗaga, sai mutum ya ce bindiga ta lalace alhali harsashi ya canja. Harsasai masu alamar +P kuwa, wato masu ƙarin ƙarfi, masana sun yarda bindigogin da aka buga wa lambar model wato daga 1957 zuwa sama suna ɗauka, amma ni ban ga dalilin wahalar da ƙarfe mai shekara hamsin don huda takarda ba. .357 Magnum ba ya ma shiga, kwansonsa ya fi tsayi, da gangan aka yi haka a 1935 don kar a yi kuskure.

Abu biyu a fili da ba a wasa da su. Ratar nan ta gaban silinda wuta da iska mai zafi ke fita ta nan duk harbi, wanda ya saba da fistol yana miƙe babban yatsan hagu gaba, a libarba in ya kai wurin zai ƙone ko ya tsage, a lanƙwashe yatsu a baya. Na biyu in ka ja ka ji ƙarar ta fito 'yar fus ba kamar sauran ba, tsaya cak kar ka sake ja, mai yiwuwa dalmar ta maƙale a bututu, ta biyu in ta same ta a can shi ne zoben kumburin da na ce a duba a shago. Toshin kunne da tabarau kam ba sai an faɗa ba, ba za a ma bar ka ka shiga babu su ba.

Inda ta gaza fa? Saitin nan dai ƙarami ne kuma baƙi a kan baƙi, a fili na cikin gini inda haske bai wadata ba, in idonka ya fara neman tabaran karatu za ka sha wuya, mutane da yawa ɗigon jan fenti ko na farce suke sawa a tudun gaba. Katakon mariƙi na asali siriri ne, akwai wani rami tsakaninsa da bayan zoben kunama inda yatsan tsakiya ke shigewa ya sha bugu, mai babban hannu ba zai ji daɗi ba. Maganinsa na gargajiya wani ɗan ƙarfe ne mai suna Tyler T-Grip da ake maƙalawa ya cike ramin ba tare da an ɓata kamannin bindigar ba, shi na sa. Wasu roba ta Pachmayr ko Hogue suke sawa, ta fi daɗin riƙo ba musu, amma wallahi muni take ƙara mata, in za ka sa ɗin ka adana katakon asali a wuri mai kyau don ranar sayarwa shi za a fara tambaya. Sannan shida ce kawai, ka harba ka buɗe ka zubar ka sake jerawa ɗaya bayan ɗaya, ko ka sayi abin lodi na HKS mai zuba shidan lokaci guda. Ni wannan bai dame ni ba, yana ma sa kwalin harsashi ya daɗe, kuma .38 Special yanzu ya fi 9mm tsada a shaguna, abin da zai ba tsofaffin 'yan sanda mamaki.

Kulawa ba ta da wuya amma akwai wuraren da ake yin ɓarna. Babbar ɓarna ita ce abin da ake gani a fim, mutum ya wurga hannu silinda ta rufe da kanta ƙarau. Kar ka yi, kar kuma ka bar aboki ya yi da taka, nauyin silindar yana lanƙwasa hannun da take lilo a kai, daga nan komai ya bar layi. Da yatsu ake tura ta a rufe. In za ka zubar da kwanso ka ɗaga baki sama tsaye sannan ka buga sandar, dalili kuwa akwai wani ƙarfe mai kamar tauraro da ke turo kwansunan, in baki na kallon ƙasa ɓurɓushin albarushin da bai ƙone ba sai ya faɗa ƙarƙashinsa, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta sa silinda ta ƙi rufuwa ko kunama ta yi tauri, mutum ya ɗauka babban gyara ne alhali tsohon burushin haƙori ne maganin. Sandar fitar da kwanson ita ma tana kwancewa da kanta a hankali, ka dinga taɓa ta da yatsa, ka kuma tuna daga 1961 zarenta na hagu ne, wato juyin da ka saba ɗaurewa da shi nan kwancewa yake yi.

Wanki kuwa Hoppe's No. 9 nake amfani da shi, ruwan da yake kasuwa tun 1903, ƙamshinsa kaɗai in ya bugi hancin tsofaffin maharba sai labari ya ɓarke. Burushin tagulla a bututu da ramuka shida, tsumma har ya fito fari, sai mai ɗan kaɗan, ɗigo ba kwarara ba, mai da yawa a cikin libarba ƙura yake tarawa ya daskare. Baƙin zoben da ke fitowa a fuskar silinda ka ƙyale shi, ba ya cutar da komai, kuma wannan ƙyallen cire dalma da ake sayarwa na bindigogin farin ƙarfe ne, in ka goga shi a mai rini da rinin zai tafi. Kar a ajiye ta cikin kuben fata, fata na riƙe danshi, mu da muke Houston inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce mun san aikin tsatsa, shatin yatsa ɗaya in ka bari sai ya zama tabo. Bayan na goge da tsumma mai ɗan mai ina shafa mata Renaissance Wax, kakin da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya don adana kayan tarihi, sannan ta shiga sef a kulle, harsasai a wani wurin daban, gidan da ke da yara wannan ba zaɓi ba ne. Murfin gefe kuwa in ba ka da sukurudireba na bindiga mai shafaffen baki bar shi, kuma ba a ɓamɓare shi da tsinin ƙarfe, bugun firam ake yi da ƙotar katako har ya taso da kansa. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, dalma ce.

Wanda abin ya shiga jininsa ya fara hangen tsofaffin da suka fi wannan, akwai rami ɗaya da ya kamata ya sani. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera irinta da ake kira Victory, lambarta na farawa da V, rininta toka-toka marar sheƙi, da zobe a gindi na rataya igiya. Na sojan Amurka .38 Special suke ci, amma dubban ɗaruruwa da aka tura wa Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta .38 S&W suke ci, wani harsashi ne daban, gajere kuma ya ɗan fi kauri. Bayan yaƙi dillalai suka kwaso su suka zurfafa ramukan don .38 Special ya shiga, wasu har da yanke bututu, to yana shiga ɗin amma gindin ramin ya yi masa faɗi, kwanso ya kumbura wani lokacin ya tsage. Irin waɗannan ba su da daraja wajen masu tarawa ba su da daɗi wajen harbi, komai arharsu wuce. Sannan waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1944 ba su da sabon ƙarfen da ke tare hama, an ƙara shi ne bayan wata ta faɗi a kan jirgin ruwan yaƙi ta tashi ta kashe wani sojan ruwa, Victory ɗin da aka gyara ko aka yi bayan nan za ka ga S a lambarsu. Masu tarawa kuma suna da lissafin sukurori, mai biyar ta fi tsufa, sai mai huɗu daga tsakiyar shekarun 1950, sai mai uku daga farkon 1960, kuɗi na hawa yadda sukuru ke ƙaruwa. In kana son sanin ranar da taka ta bar masana'anta da wanda aka fara tura wa, gidauniyar tarihi ta Smith & Wesson tana ba da wasiƙa in ka biya, wani sa'in sai ka ga sunan ofishin 'yan sandan da ya saye ta.

An tambaye ni me ya sa ba Colt Official Police ba, kishiyarta kenan daga 1927 zuwa 1969. Bindiga ce mai kyau, wasu ma sun ce ta fi kulle silinda gam, silindarta dama take juyawa ta Smith hagu, maɓallin buɗewa ita ja baya ake yi Smith turawa gaba. Matsalar ita ce cikinta aikin hannu ne mai laulayi, ƙarfe ɗaya yana aiki biyu uku, masu iya gyara ta sun tsufa sun ƙare kuma kayan gyara sai an tona. Ruger Service-Six ta fi su duka ƙarfin jiki amma kunamarta ba ta kai ba, an kuma daina yin ta a 1988. Taurus 82 ta Brazil kamanninsu ɗaya don kamfanonin biyu sun taɓa zama ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya a shekarun 1970, ta fi arha, amma in za ka sayar ba ta riƙe kuɗinta yadda Smith ke yi. Sabuwar Model 10 ma har yanzu ana ƙerawa, sai dai daga farkon shekarun 2000 an huda wani ramin makulli a gefen hagu saman maɓallin silinda wanda masu son na da suka tsana, har sai 2025 kamfanin ya fito da marar ramin. Kuɗin sabuwa ɗaya zai iya saya maka tsohuwa da kwalayen harsashi masu yawa.

Farashi dai ya tashi, shekarun baya da ake sauke su da yawa ana samun ta ƙasa da dala 300, yanzu gwanjon ya ja baya, mai lafiya sai ka ƙara sosai a kan haka, mai kwalinta na asali da takardu kuwa wani farashin ne daban. In dillali ya jera guda goma ya ce ka zaɓa, kar ka ɗauki wadda ta fi baƙi, wani lokacin sake rini aka yi, za ka gane in tambarin kamfanin da ke gefe ya yi dishi-dishi kuma gefunan da ya kamata su yi kaifi sun zama sulɓi, wannan ta rasa darajar tarawa. Wanda yake neman abin da zai ɓoye a jiki ko mai cin harsashi da yawa ba tasa ba ce, ta yi nauyi ta yi kauri. Mai son ya koyi jan kunama da gaske ya kuma riƙe wani abu da aka daidaita da hannu, ya nemi 10-5 in siririn bututu yake so, ko 10-6 in mai kauri, ya tafi shago da tocilarsa.